Darasin Wannan Wata: Me Ya Sa Wata Leda Garai-garai, Wata Dishi-dishi?

A Bauranya da sauran ƙauyukan Kankiya da Kusada, leda ta shiga kowane gida. Ledar ƙullin suga garai-garai take. Ledar cikin buhun adana wake kuwa dishi-dishi ce. Wasu manoma suna zaton mai dishi-dishi jabu ce. Ba haka ba ne.

Daga man fetur da iskar gas ake samun sinadarin leda. A Ingila aka gano shi a shekarar 1933. An gina shi da wasu dogayen zaruruwa, waɗanda ido ba ya gani. Zaren nan iri biyu ne.

Iri na farko yana da rassa, kamar ƙayar shinge. Kowa ya san ƙaya ba ta ɗauruwa tsam. Haka wannan zare yake zama a warwatse. Haske yana ratsa shi ba wahala. Ledarsa tana da taushi, ana ganin abin da ke ciki.

Iri na biyu miƙaƙƙe ne, kamar karan dawa. Yana jeruwa dami-dami, ya matse. Idan haske ya bugi waɗannan dammuna sai ya watse, kamar yadda hazo yake dushe rana da hunturu. Ledarsa tana da ƙarfi, tana ƙara idan an murza ta.

Sanyaya leda ma yana da tasiri. A masana'anta, kamar na Sharaɗa a Kano, ana narka sinadarin, a hura shi kamar balan-balan. In ya huce da sauri, dammunan ba sa girma, ledar ta fi haske.

Buhun PICS, wanda aka fara yaɗawa a shekarar 2007, leda biyu ne a cikinsa, masu kauri, na miƙaƙƙen zare. Matsewar zaren da kaurin ledar su ke hana iska shiga. Ƙwarin wake sai su rasa numfashi su mutu, ba tare da an sa magani ba.

Don haka kada a duba hasken leda wajen saye. A duba huji. A cika ta da iska, a riƙe bakin, a danna. In ta sace, ba ta adana wake.

Tambayoyi
1. Wane zare ne yake jeruwa dami-dami?
2. Me ke kashe ƙwari a buhun PICS?
3. Yaya ake gane leda mai huji?