Nahawun da Kakata Ta Sani Ba Tare da Ta Shiga Aji Ba

Darasinmu na wannan fitowa a kan nahawu ne, amma don Allah kada ku yi saurin juya shafi.

Rannan ina waya da kakata a Yargoje, sai abokin ɗakina, wanda bai daɗe da fara koyon Hausa ba, ya karɓa don ya gaishe ta. Cikin hira ya ce: "Iya, jiya na saya masara." Ta yi dariya ta ce: "Ɗan nan, na sayi ake cewa." Tsohuwar nan ko allon boko ba ta taɓa gani ba. To ina ta samo wannan hukunci?

A 1957 Noam Chomsky ya nuna nahawu a matsayin matakai: a gina jimla, sannan a sarrafa ta. Daga baya wasu masana suka bi wata hanya. Carl Pollard da Ivan Sag, a littafinsu na 1994 kan tsarin HPSG, sun ɗauki nahawu a matsayin tarin sharuɗɗa. Kamar ɗaurin aure ne: waliyyi, sadaki, shaidu. In ɗaya ya faɗi, aure bai ɗauru ba. Haka jimla take.

Ga sharuɗɗa uku daga bakinmu:

1. Jinsi. Akuya ta shiga gona, rago ya shiga gona. Rigar Audu, wandon Audu. Dole suna da wakilinsa da mahaɗinsa su dace.

2. Siffar aikatau. Na sayi masara. Na saye ta. Abin da na saya. Abin da ya biyo bayan aikatau shi ke zaɓar wasalin ƙarshe. Nan abokina ya zame.

3. Tambaya. Yara sun zo, amma su wa suka zo? Ba wanda zai ce "su wa sun zo".

Yanzu duba: "Wace akuya suka saya?" Sharuɗɗan ukun duk sun cika a lokaci guda, shi ya sa kunne ya karɓa.

Me ya shafe mu, mu 'yan kwamfuta? Sharaɗi abu ne da na'ura ke iya dubawa. Wani masani, Berthold Crysmann, ya rubuta wa Hausa irin wannan nahawu na kwamfuta mai suna HaG. In mu masu harshen muka naɗe hannu, wayoyinmu za su ci gaba da zuba gurguwar Hausa, ƙannenmu kuma su ɗauka daidai ce.

Aikin gida: me ya sa ake cewa "na kama kaza" amma ba a cewa "na kami kaza"? A tambayi tsofaffi in an je hutu, a kawo amsa ofishin ƙungiya. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.