Darasi: Jagorancin Tafiyar Yini a Lokacin Hunturu

'Yan'uwa, a watan Disamba da Janairu ne ƙungiyoyinmu su kan fita tafiyar yini guda a ƙasa. Wasu su kan je duban gonakin rani a fadamar kogin Hadejia, samari kuwa wani lokaci har Jos su ke zuwa don hawan duwatsun Shere, masu tsayin mita 1,829. Mu a Malam Madori ba mu da dutse, sai jigawa da fadama. Amma aikin jagora ɗaya ne ko'ina: ya komo da kowa gida kafin duhu.

Saboda haka, tun ba a tashi ba, sai jagora ya yanke lokacin juyowa, ya faɗa a gaban kowa. A wannan lokaci rana ta kan faɗi wajen ƙarfe 6, in kuwa da hazo, ido ya kan gaza tun kafin nan. Idan an tashi ƙarfe 7 na safe, to, ƙarfe 12 a juyo, ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba. Dawowa ta fi zuwa daɗewa, gama ƙafa ta gaji.

Mun koyi wannan da wuya. Wata shekara mun shiga fadama mu goma sha huɗu, muka yi ta cewa saura kaɗan, har la'asar ta yi. Hazo ya rufe kukar da mu ke kwatance da ita. Kachala ta fi mu tsawo, ko'ina ka duba iri ɗaya. Da muka ƙirga, babu dattijo ɗaya. Wani masunci ne ya kai mu wurinsa bayan magariba, yana zaune yana rawar ɗari. Laifinmu ne, ba nasa ba.

Tun daga ranar ba mu shiga fadama sai da ɗan gari, masunci ko makiyayi. Shi ya san inda ƙasa ta bushe a sama alhali ƙarƙashinta taɓo ne. A tambaye shi mashigi kuma, gama tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, a kan sako ruwa ko da rani, mashigin da aka taka a bushe makon jiya ya cika.

Jagora ya sa mai ƙarfi a ƙarshen layi, a yi tafiya daidai da ƙafar mafi rauni, a ƙirga mutane duk inda aka huta. Sanyin safiya ya kan ruɗi mutum ya bar gorar ruwa a gida, iskar hunturu kuwa tana busar da jiki ba a sani ba. Kowa ya riƙe gorarsa da mayafi, jagora ya ƙara da tocila da ashana. A gaya wa mai unguwa hanyar da za a bi da lokacin dawowa.

A taronku na gaba, ku zaɓi jagora da mai bin baya, sakatare ya rubuta sunayensu.