Maganin Taɓin Hankali da Aikin Gona

A ƙasar Gozaki, cikin ƙaramar hukumar Kafur, damina ba ta jiran kowa. Manomin da aka ɗora kan maganin taɓin hankali a asibitin Malumfashi ko Funtuwa yakan tarar cewa ƙwayar da ta kwantar masa da hankali ita ce ke hana shi sammakon zuwa gonar masara. Sai ya daina sha a ɓoye. Bayan 'yan watanni ciwo ya dawo, dangi su ce maganin asibiti bai karɓe shi ba.

Kukan nasa kuwa yana da tushe. Chlorpromazine, wanda aka fara ba masu taɓin hankali a Faransa cikin 1952, yana aiki ne ta hanyar toshe kafofin da sinadarin dopamine ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa. Yana rage jin muryoyi da zargi maras dalili, amma yana kawo barci, da sandarewar gaɓoɓi, da jiri idan an miƙe, fata kuma ta kasa jure rana. Akasarin waɗannan suna da gyara muddin likita ya ji labari. Yana iya mai da yawancin ƙwayar zuwa dare, ko ya rage ta sannu a hankali, ko ya koma ga allurar da ake yi duk mako 2 zuwa 4. Haɗarin yana ga yankewa farat ɗaya.

Ciwon damuwa kuwa hanyarsa daban ce. Magunguna irin su amitriptyline sukan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kuma ana ci gaba da su aƙalla wata 6 bayan an warware. Idan damuwar ba ta yi tsanani ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a fara da zaman tattaunawa da horarren ma'aikaci, inda ake warware matsalolin majinyaci ɗaya bayan ɗaya. Da ma ƙwaya ba ta biyan bashin taki.

Ra'ayin majinyaci yanzu yana da matsayi a doka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba shi 'yancin a yi masa bayani, a kuma tsara jinyarsa tare da shi. Saboda haka manomin yana da hurumin gaya wa likita cewa shuka ta gabato, a daidaita masa lokacin sha.