Darasin Tattalin Arziki: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Auna Hayaƙin da Yake Fitarwa

Duk litar man da aka ƙone a mota ko a janareta tana barin bashi iri biyu. Na farko shi ne kuɗin da aka biya a gidan mai. Na biyu kuwa shi ne iskar kabon da ta hau sararin sama, wadda masana suka tabbatar ita ce kan gaba wajen ɗumamar duniya. Jimillar wannan iska da mutum ya jawo fitarta a shekara ita ce rabonsa na hayaƙi, kuma da rasit da alƙalami ana iya auna ta.

Ma'aunin ba shi da wuya. Litar fetur guda tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kilo 2.7, ta kananzir kilo 2.5, kilo guda na gas ɗin girki kuma wajen kilo 3. Dalilin da ya sa hayaƙin ya fi man nauyi shi ne, yayin ƙonewa kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar shaƙa, nauyinta ya hau kan nasa.

A misali, mai shagon da janaretansa ke shan lita 5 ta fetur a rana, kwana 26 a wata, ya ƙone lita 130 ke nan, wato kilo 299 na hayaƙi. A shekara ya tasam ma tan uku da rabi da ɗoriya. Idan aka raba hayaƙin man da Nijeriya ke ƙonewa ga jama'arta, rabon kowane mutum bai kai tan ɗaya ba a shekara, saboda haka wannan ƙaramin inji ya ninka shi sau da yawa.

Haka lissafin yake ga kayan da aka yi wa doguwar tafiya. A ɗauka cewa babbar mota ta sha lita 400 ta dizal daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, ɗauke da kwando 360 na tumatir. Hayaƙinta kilo 1,080 ne, kilo 3 ke nan a kan kowane kwando. Idan kashi ɗaya cikin uku ya ruɓe a hanya, wanda ya isa lafiya zai ɗauki kilo 4.5, kamar yadda zai ɗauki ƙarin kuɗin mota.

Wannan awo ya wuce batun masana kawai. A shekarar 2021 Nijeriya ta yi alkawari a taron Gilasgo cewa kafin 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa, kuma a shekarar aka sanya hannu kan dokar sauyin yanayi. Bugu da ƙari, tun watan Oktoba na 2023 Tarayyar Turai ta wajabta wa masu shigar da siminti, ƙarfe, alminiyam da takin zamani bayyana hayaƙin da aka fitar wajen sarrafa su, aka kuma tsara ɗora kuɗi a kansa daga 2026.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa, amfanin ya fi haka kusa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, inda hayaƙi ya fi yawa nan ne riba ta fi zurarewa. Wanda ya buɗe layi guda a littafin cinikinsa, yana rubuta yawan lita kusa da yawan naira, cikin wata uku zai gane ko gyaran inji ne ya kamace shi, ko haɗa lodi da abokan sana'a, ko kuwa sayen sola.