UWA, DUBA BAKIN ƊANKI!

Ke uwa ta Garun Malam, Kura ko Bunkure, ga darasin yau:

1. Haƙorin fari kan fito wajen wata 6. Tun ran nan ki riƙa share shi da tsumma mai tsabta.

2. In haƙora sun yi yawa, ki goge masa safe da dare da buroshi ko asuwaki mai laushi. Man goge baki kamar ƙwayar shinkafa ya isa.

3. Ba tsutsa ke huda haƙori ba, zaƙin da ya kwana a baki ne. A rage alewa da lemon kwalba.

4. Dasashi na jini, baki na wari, musamman bayan ƙyanda? Kawo shi asibiti YAU. Wannan ciwo kan cinye kumatu cikin 'yan kwanaki.

RIGAKAFI YA FI MAGANI.