Farashi a Fili Shi Ne Ƙofar Shiga Binciken Sayayya na Google

Tambayar da masu shagunan intanet suka fi yi mana, mu da ke aikin gina shafuka da shigar da kaya, ita ce: me ya sa idan mai saye ya rubuta sunan kaya a Google ake jero masa hotunan hajar wasu da farashinta, tasu kuwa ko alamarta babu? Wasu na zaton sai mai kuɗin talla ne ke samun wannan gurbi, wasu kuma na ganin akwai wani sirri da masana kwamfuta suka ɓoye. Abin da aikin ke nunawa ya saɓa wa zaton nan biyu. Kayan da ke fitowa su ne waɗanda mai su ya yarda ya rubuta komai a kansu a fili, wato suna da hoto da farashi da kuɗin kaiwa da kuma ko akwai su ko sun ƙare, sannan ya tsaya a kan abin da ya rubuta. Mafi yawan shagunan da aka bari a baya, abin da ya hana su shiga shi ne ɓoye farashi ko rashin daidaita shi.

Yana da kyau a fara sanin yadda abin yake tafiya. Google ya fito da sashen binciken kaya tun 2002 da sunan Froogle, kuma kyauta ake shiga. A 2012 ya mayar da shi Google Shopping, ya ce sai wanda ya biya za a nuna kayansa. A watan Afrilu na 2020, lokacin da annobar korona ta rufe kasuwanni, ya dawo da shiga kyauta a Amurka, daga baya ya faɗaɗa zuwa wasu ƙasashe. Ƙofar shigar ita ce Merchant Center. Mai shago zai buɗe asusu, ya tabbatar wa Google cewa shafin nasa ne, sannan ya miƙa jerin kayansa, kowane kaya da layinsa da bayanansa. Ana iya miƙa jerin ta Google Sheets, ko ta fayil ɗin da Google zai riƙa ɗauka daga shafin a kan lokaci, ko ta manhajojin da Shopify da WooCommerce suka tanada domin wannan. Buɗe asusun ba ya cin ko sisi. Sai dai bayanin da aka miƙa ba ya zama har abada, domin kayan da aka yi kwana 30 ba a sabunta bayaninsu ba sukan faɗo daga jerin.

Bayan an miƙa jerin, Google ba ya ɗaukar maganar mai shago haka nan. Yana tura manhajarsa ta leƙa shafin kowane kaya ta gwada abin da ke can da abin da aka miƙa. Idan jerin ya ce turmin atamfa naira dubu 25 ne, shafin kuma ya nuna dubu 28, za a cire wannan kayan. Idan jerin ya ce akwai takalmin, shafin ya ce ya ƙare, shi ma haka. Idan kuma mai saye ya je wajen biya ya tarar an ƙara masa wani kuɗi da ba a ambata ba, laifin ya fi girma, domin ya shiga abin da Google ke ɗauka yaudara, kuma yana iya jawo dakatar da asusun gaba ɗaya. Wurare uku ne dole su yi magana ɗaya: jerin da aka miƙa, shafin kayan, da wajen biyan kuɗi. Shagon da ke rubuta "a tuntuɓe mu don jin farashi" ba shi da abin da zai saka a gurbin farashi, shagon da kuma cinikinsa ke ƙarewa a saƙon WhatsApp ba shi da wajen biyan da za a duba. Su biyun duka suna waje tun kafin a fara tantancewa.

A nan ne 'yan kasuwarmu ke kawo hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa ciniki a wurinmu tayi ne da albarka, a Kantin Kwari ko Sabon Gari ba wanda ke liƙa farashi a jikin kowace shadda, kuma tun da darajar naira ta shiga hawa da sauka a 2023, farashin da aka rubuta da safe kan iya zama asara da yamma. Amsar ita ce tayi yana aiki ne inda mai saye ya riga ya tsaya a gabanka. Wanda ke bincike a waya bai san ka ba, yana kallon hotuna da yawa a jere, kowanne da farashi a ƙarƙashinsa, kuma zai taɓa ɗaya ne daga cikin waɗanda ya gani. Wanda ya ɓoye farashinsa don kada a yi masa ragi, ya hana kansa mai tayin ma. Game da canjin farashi kuwa, maganinsa shi ne a haɗa jerin da shafin kai tsaye, yadda duk lokacin da aka gyara farashi a shago zai gyaru a Merchant Center ba sai an bi layi-layi da hannu ba. Google ma yana iya gyara farashi da kansa daga shafin, idan an tsara bayanan shafin yadda manhajarsa za ta karanta su. Kuma nuna farashi ba al'adar baƙi ba ce da aka ɗora mana, domin dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018 ta wajabta wa mai sayarwa ya nuna farashin abin da ya baje.

Bayan farashi sai suna da hoto. A binciken sayayya mai shago ba ya zaɓen kalmomin da za a nemo shi da su, Google ne ke gwada abin da mai bincike ya rubuta da sunan kayan da bayaninsu. Don haka sunan da ya ce "sabon shigowa, a yi sauri" bai gaya wa kowa komai ba. Sunan da ke aiki shi ne wanda ya faɗi irin kayan, da kamfanin da ya yi shi, da launi, da girma ko yawan yadi, kuma a sa mafi muhimmanci a farko, domin ko da yake an ba da haruffa 150, farkon ne kawai ke bayyana a allon waya. Hoto kuma dole ya zama na kayan kansa, babu lambar waya ko tambarin shago ko rubutun ragi da aka manna a kai. Wannan ƙa'ida takan yi wa masu sayarwa a Instagram ciwo, saboda sun saba buga sunansu a tsakiyar hoto don gudun masu satar hotuna, amma hoton da aka yi wa haka ana ƙin karɓarsa.

Akwai masu cewa kayansu na hannu ne, hula ko takalmin fata ko turaren wuta, ba su da lambar nan mai zane-zane da ake gani a jikin kayan kamfani, saboda haka tsarin ba nasu ba ne. Gaskiya ne Google yana son wannan lamba, wadda ake kira GTIN, ga duk kayan da kamfani ya ba shi ita, domin da ita yake gane cewa wayar da ke shago goma waya ɗaya ce. Amma ya tanadi gurbin da mai kayan hannu zai nuna cewa kayansa ba su da lamba, a karɓe su haka. Abin da ke jawo matsala shi ne ƙirƙiro lamba ko aro ta wani kaya. Wanda sana'arsa ta girma har yana buƙatar lamba tasa, hukumar GS1 ce ke bayarwa, tana da reshe a Najeriya, kuma lambobin da reshen ke fitarwa suna farawa da 615.

Sauran sharuɗɗan duka na amana ne. Ana son shafin ya nuna yadda za a samu mai shi, ya bayyana ƙa'idar mayar da kaya ko da ƙa'idar ita ce ba a mayarwa, ya faɗi kuɗin kai kaya da kwanakin da zai ɗauka, kuma wajen biyan kuɗi ya kasance mai tsaro, abin da kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave suka sauƙaƙa. Jabun kaya haramun ne a tsarin, magunguna da kayan ƙarin lafiya kuma suna da tsauraran ƙa'idoji. Duk wanda ya duba waɗannan zai ga tambayoyin da mai saye mai hankali zai yi ne kafin ya tura kuɗinsa ga wanda bai taɓa gani ba.

Wani zai ce, tunda masu biyan talla ne ke samun gurbi mafi kyau, mene ne amfanin wahalar? Ba za a musa ba cewa Google ɗan kasuwa ne mai kare ribarsa, har Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro biliyan 2.42 a 2017 saboda fifita sashen sayayyarsa a kan na abokan gasa. Shiga kyauta kuma ba alkawarin zama a sahun gaba ba ne. Sai dai tallar kuɗin ma daga wannan jerin kayan take ɗaukar bayani, don haka wanda jerinsa bai tsallake tantancewa ba, kuɗinsa ba zai shigar da shi ba. Haka nan wanda ya ce WhatsApp ya ishe shi, ya tuna cewa galibi masu lambarsa ne ke ganin abin da ya ɗora. Sayarwa a Jumia ko Konga hanya ce mai kyau, amma ana cire kamasho, kuma mai sayen nasu ne, ba naka ba.

Saboda haka 'yan kasuwa, maza da mata, kafin ku biya kowa kuɗin "fito da shago a Google", ku fara da abin da ke hannunku. Ku zaɓi kayan da suka fi tafiya, ku rubuta wa kowanne cikakken suna da farashin gaskiya, ku ɗauki hoto mai tsabta, ku rubuta ƙa'idar mayar da kaya da kuɗin kaiwa, sannan ku buɗe Merchant Center ku riƙa duba dalilin da yake bayarwa a kan duk kayan da ya ƙi. Duk wanda ya yi muku alkawarin sahun farko ba tare da waɗannan ba, ku riƙe kuɗinku.