Darasin Wannan Mako: Sauya Sheƙa da Sojojin Baka

A makon jiya yara biyu 'yan ajinmu suka daina gaisawa, wai don baban ɗaya ya bar jam'iyyar da baban ɗayan yake ciki. Abin ya dame mu, shi ya sa mu 'yan ƙungiyar jarida muka zauna muka bincika abin da ake kira sauya sheƙa.

Sauya sheƙa shi ne mutum ya bar jam'iyyarsa ya koma wata. Ba sai mun je nesa neman misali ba. Alhaji Aminu Bello Masari, mutumin Ƙafur maƙwabtanmu, a PDP ya wakilci Malumfashi da Ƙafur a Majalisar Wakilai, har ya zama Kakakin Majalisa daga 2003 zuwa 2007. Daga baya ya koma CPC, ya nemi gwamna a 2011 bai samu ba. A 2013 CPC ta haɗe da ACN da ANPP aka kafa APC, a 2015 kuma ya ci. Nan PDP ta sauka, bayan shekara 16 tana riƙe da Jihar Katsina.

Masu jefa ƙuri'a ma suna juyawa. A Fabrairun 2023 Atiku Abubakar na PDP ne ya zo na ɗaya a jiharmu a zaɓen shugaban ƙasa, da ratar da ba ta kai ƙuri'a 7,000 ba. Bayan mako uku kacal, jihar nan dai ta zaɓi Malam Dikko Umaru Raɗɗa na APC gwamna. Manomin da ya ga kuɗin buhun taki ya fi ƙarfinsa, ko tsoro ya hana shi zuwa gonarsa ta nesa, yana da dalilin canza ra'ayi, ba lallai sayensa aka yi ba.

To, me ke hura wutar gaba? A ganinmu rediyo da waya suna da hannu. Da daddare a majalisa za ka ji ana sauraren wani yana zuba, yana yi wa 'yan wata jam'iyya habaici. Su ne ake kira sojojin baka. Da yawanmu mun ɗauka labarai ne, ashe yawanci fili ne da aka saya da kuɗi, kamar tallan sabulu. A labarai, ɗan jarida kan faɗi inda ya samo magana, ya kuma nemi jin ta bakin wanda ake zargi. Sojan baka ɓangare ɗaya yake kawowa. Abin dariya ma, idan ubangidansa ya sauya sheƙa, wanda ya zaga jiya shi zai yaba gobe, da murya ɗaya! Muryoyin da ake turowa a WhatsApp sun fi muni, don ko sunan mai maganar ba a ji.

Mu 'yan shekara 13 saura mana shekara 5 mu isa yankar katin zaɓe. Ga aikin gida: yau da dare kowa ya saurari shirin siyasa ɗaya, ya kasa kunne a farko da ƙarshe ko za a faɗi wanda ya ɗauki nauyinsa, ya ƙirga ɓangare nawa aka ba dama su yi magana. A rubuta a takarda, a kawo mana ranar Alhamis lokacin tara.